Hattara da Masu Sayar da Barewar Zane da Launin Sata

'Yan uwa masu zane da masu tara zane, ina rubuta wannan ne da ɓacin rai, domin an cuce ni, kuma na san ba ni kaɗai ba ne.

Ga wanda bai san harkar ba: a shafuka irin su DeviantArt da Toyhouse, mai zane kan ƙirƙiro jinsin dabbar da babu ita a duniya, ya tsara mata dokoki, ya rufe jinsin yadda ba wanda zai zana tasa sai da izininsa. Wanda na shiga jinsin barewa ne mai ƙaho mai rassa. Kowace barewa tana da lamba a kundin rajista, da sunan mai ita, da jerin launi da alamomin jikinta. Darajarta tana cikin launin nan ne. Ruwan ƙasa mai farin ciki gama-gari ne, rodi-rodi ya ɗan fi shi, baƙa wuluk da fara fat kuwa sai an sha wuya kafin a samu.

Masu ƙirƙirar ba da ka suke tsara wannan ba, daga dabbobin gaske suke ɗauko shi. Barewar Indiya da ake kira cital tana riƙe fararen ɗige-ɗigenta har tsufa, alhali jinsuna da yawa 'ya'yansu ne kawai ke da su, suna girma su ɓace. Zabiya idonta ja-ja ne saboda babu sinadarin launi a jikinta ko kaɗan. Akwai kuma farar da ba zabiya ba, idonta ruwan ƙasa, kamar garken fararen barewar da ke tsohon sansanin soja na Seneca a jihar New York ta Amurka. Jagorar launin jinsinmu ta raba waɗannan biyu sarai, kuma da na tsaya na karanta ta da kyau, da ban faɗa hannun mutumin da ya cuce ni ba.

Saƙo ya turo mini a manhajar hira ta Discord, wai zai bar harkar, yana neman wanda zai kula da barewarsa. Fara ce tas, ɗige-ɗige ruwan zuma sun gangaro daga wuya har gindin wutsiya, ido ja kamar garwashi. Ya ba ni lambar rajista, ya turo hoton allon waya mai nuna sunansa a matsayin mai ita. Ya ce wasu biyu na jira, in ban biya a daren ba ta wuce ni. Sannan ya roƙi in tura kuɗin ta PayPal a hanyar tura wa dangi da abokai, wai don kada a cire masa kaso. Na tura.

Washegari na nemi masu kula da jinsin su mayar da ita sunana. Amsar da na samu ta kashe mini jiki. Lambar ta wata barewa ce ruwan toka, ta wata baiwar Allah da ba ta taɓa sa ta a kasuwa ba. Zanenta ya sata, ya juya shi daga hagu zuwa dama, ya wanke launin, ya yanke gefen da sa hannun mai zanen yake. Da na ƙara girman hoton sai ga wani dishi-dishi a cinyar baya, inda ya goge tambarin kariya. Sai kuma abin da ya fi komai fitowa fili: a dokar jinsin, zabiya ba ta ɗaukar ɗige ko ɗaya. Barewa mai jan ido da rodi-rodi ba ta taɓa shiga kundin ba, ba kuma za ta shiga ba. Kafin azahar ya goge asusunsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne matar nan. Ta ga zanen da take ƙauna an ɓata shi ana yawo da shi, har wasu suka fara zarginta da haɗa baki.

Don Allah, kafin ku biya kowa, ku buɗe kundin rajista da hannunku, kada ku yarda da hoton allo, gyara shi ba ya ɗaukar minti biyar. Ku gwada launi da alamomin da jagorar jinsin ɗaya bayan ɗaya, har launin ido da kofato. Ku saka hoton a TinEye ko Google Lens, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ku juya shi ku sake sakawa. Ku tambayi masu kula da jinsin kai tsaye. Batun biya kuma, hanyar dangi da abokai ba ta da kariyar mai saye, ta biyan kaya da aiki ce ke ba da damar shigar da ƙorafi cikin kwana 180. Duk wanda ya ƙi wannan hanyar, ku rabu da shi.

Na miƙa wa masu kula da jinsin duk saƙonninmu da shaidar biya. Zai iya dawowa da sabon suna, don haka wanda aka yi wa tallar farar barewa mai jan ido da ɗige ruwan zuma, ya ajiye saƙon ya kai musu kafin ya amsa.