Sharhi kan takardar sitikar MiG, jiragen kame da na aro, sikeli 1/72

Jama'a masu harkar haɗa ƙananan jiragen roba ku matso kusa. Wata takardar sitikar ruwa ce na yi oda daga wajen wani mai bugawa a Turai, irin mutanen nan da suke bugawa su kaɗai a gida suna sayarwa ta intanet, ba wani babban kamfani ba. Sunansa kam bazan kama ba, don akwai ƙorafi a cikin maganata kuma mutum ɗaya ne yana neman na tuwo. A taƙaice dai bugun ya yi kyau sosai, zaɓin jiragen ma ya burge ni, amma takardar bayanin da ta zo da ita da kuma koren Najeriya sun ɓata min rai, zan zo kansu.

Ga wanda bai san harkar ba, kit ɗin jirgi yana zuwa ne guntu-guntu a jikin firam na roba ruwan toka, kai zaka yanka ka goge ka manna ka yi fenti, daga ƙarshe sai ka jiƙa sitika a ruwa ta saki takardarta ka zame ta zuwa jikin jirgin. 1/72 kuma ma'anarsa an rage komai sau 72, MiG-17 na gaske tsawonsa ya ɗan haura mita 11, to naka zai fito santimita 15 da ɗoriya, yana zama a tafin hannu.

Jirage huɗu ne a takardar, duka MiG, kuma duka babu wanda yake hannun Rasha da ta ƙirƙiro shi. Wannan ne ma ya sa na saya. Robar dai ɗaya ce ko wa ya haɗa, fenti da tambari su ne suke ba da labari, kuma jirgin da ya faɗa hannun abokan gaba labarinsa a jikinsa yake, an shafe tsohon tambari cikin gaggawa da duk fentin da aka samu a kusa, an ɗora sabo a kai, wani lokacin kana hango inuwar na ƙasan. Wanda ya iya fito da wannan facin a ƙaramin jirgi wlh ya fi min wanda ya yi fenti sumul babu tabo.

Na farko MiG-15 ɗin No Kum-sok ne, matuƙin Koriya ta Arewa da ya gudu da jirginsa ya sauka a filin Kimpo kusa da Seoul ranar 21 ga Satumba 1953, watanni biyu kacal bayan an tsagaita wuta. Amurka ta riga ta yi alkawarin dala 100,000 ga duk wanda ya kawo mata MiG-15, shi kuma yace bai ma san da zancen kuɗin ba, aka dai ba shi. Suka kai jirgin Okinawa suka shafa masa tauraron Amurka da lamba TC-616, matuƙan gwajin jirage na Amurka Chuck Yeager da Tom Collins suka gwada shi. Yau yana gidan tarihin sojan saman Amurka a Dayton, Ohio, an mayar masa da tambarin Koriya ta Arewa da lambarsa ta asali 2057. Mai takardar ya saka duka biyun, na Koriya da na Amurka, wannan ya kyauta.

Na biyu shine wanda kowa ya sani, MiG-21F-13 ɗin Iraƙi da Munir Redfa ya kai Isra'ila ranar 16 ga Agusta 1966 bayan Mossad, hukumar leƙen asirin Isra'ila, sun daɗe suna zawarcinsa, suka rubuta masa 007 a hanci. A 1968 suka ba Amurka aro, aka gwada shi a hamadar Nevada a shirin da suka kira Have Doughnut. Na uku kuma abin dariya ne in ba kai abin ya sama ba, a Agustan 1968 matuƙan Siriya biyu da MiG-17 suka ɓata hanya suka sauka a wani ƙaramin fili mai suna Betzet a arewacin Isra'ila suna zaton Lebanon suke. Su ma jiragen biyu a Amurka suka ƙare, ana koya wa matuƙanta yadda ake kokawa da MiG-17 da su, lokacin yana ba su wahala a Biyetnam.

Na huɗu shine namu, kuma shi na haɗa. MiG-17 na sojan saman Najeriya na lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Wani zai ce ina ruwan wannan da jiragen kame, ai saye aka yi. Haka ne, amma ku duba, an kafa rundunar sojan samanmu a 1964 da taimakon Jamus ta Yamma, da yaƙi ya ɓarke babu jiragen yaƙi na jet babu matuƙansu, Ingila da Amurka suka ƙi sayar mana da jiragen yaƙi, sai gwamnatin Gowon ta juya wajen Tarayyar Sobiyet. A Agustan 1967 aka fara sauke MiG ɗin a filin jirgin Kano, ga L-29 na Cekoslobakiya, daga baya ga Il-28 masu jefa bam. Kuma matuƙan Masar ne suka fara tuƙa su, daga baya aka ɗauko Turawa 'yan haya kafin namu su ƙware. Kenan jirgin Rasha, matuƙi Bamasare, tambari kore fari kore, an harhaɗa shi a Kano, in wannan bai shiga layin aro ba ban san me zai shiga ba. Kuma kada mu yi wa kanmu ƙarya, tarihinsa ba mai daɗi bane duka, bama-baman jiragen tarayya sun faɗa kan kasuwanni da farar hula a Gabas, kuma MiG-17 ne ya harbo jirgin agaji DC-7 na Red Cross a watan Yunin 1969. Wanda ya taɓa zuwa gidan tarihin yaƙi na Umuahia ya ga MiG-17 da Il-28 a ajiye a fili.

Kit ɗin da na ɗora sitikar a kai MiG-17F ne na kamfanin Airfix, kuma shi kam ban da abin cewa, gaɓoɓin suna shiga juna lafiya lau, layukan jiki a fili, shingen nan guda uku da ke kan kowane fiffike sun fito, wanda da su ake saurin bambance shi da MiG-15 mai guda biyu. Bindigogin ma suna nan ƙarƙashin hanci, ɗaya 37mm biyu 23mm. Abin da zaka kula kawai shine nauyin hanci, duk jirgi mai taya a gaba in baka cusa masa nauyi ba kafin ka rufe gangar jiki to a kan wutsiya zai zauna hanci sama. Ni dalma na samo wajen masu balansin taya a Agege, irin wadda suke maƙalawa a rim, suna da tsofaffi a gwangwani, na yanka ƙanana na cusa. Ku manna ta da farin gam na kafinta ko ifoksi, kada ku tsiyaya gam ɗin roba a wajen da yawa, zai narkar da hancin daga ciki.

Kayan aiki kuwa kada kowa ya ɓata dala. Ku shiga Computer Village a Ikeja wajen masu sayar da kayan gyaran waya, hantsaki mai siririn baki, ƙaramar filaya ta yanka, wuƙar tiyata da spirit na goge allo, duk suna nan kuma su ne dai Turawan suke sayarwa da sunan kayan modelin a ninka kuɗi. Abin da na yarda a yi oda daga waje shine gam ɗin Tamiya Extra Thin da Micro Set da Micro Sol na kwantar da sitika, su kam ban ga madadinsu a Legas ba.

To sitikar kanta. Bugun tsaf yake, farin ya rufe sosai baya nuna fentin ƙasa, zoben tambari yana tsakiya bai karkace ba, ƙananan rubuce-rubucen gargaɗi har ana iya karanta su da madubin ƙara girma. Fatar sitikar, wato 'yar ledar da aka buga zanen a kai, tana da siriri matuƙa, wanda alheri ne kuma masifa ne. In ta kwanta sai ka rantse fenti ne, ta shige cikin layukan jiki da ɗigo ɗaya na Micro Sol. Amma in ta naɗe a kan yatsa ko burushi shikenan ka yi sallama da ita, kuma mai bugawar bai saka ko guda ɗaya na ƙari ba, haba, wurin da ya rage fari a takardar zai ɗauki tambari biyu ko uku. Sannan fatar ɗaya ce ta rufe takardar gaba ɗaya, dole ka yanka kowane tambari dab da bakinsa, kuma babu inda ya rubuta haka, ko a shafin da yake talla ko a cikin ambulan. Sabon shiga zai jefa rabin takarda a ruwa ya ga komai ya taso tare.

Koren Najeriya shine babban ƙorafina. Koren tutarmu mai duhu ne cikakke, nasa kuwa ya yi haske ya karkata wajen rawaya kamar ɗanyen mangwaro, a jikin azurfa kuma abin sai ya ƙara fitowa. Na san yawancin hotunan wancan lokaci baƙi da fari ne, amma tutar Najeriya ai ba sirri bace. Sai na yanka zobe a tef ɗin rufe fenti na fesa koren da na haɗa da kaina a fukafukai da gefe, na yi amfani da harufan NAF (Nigerian Air Force) da lambobinsa kawai, su baƙaƙe ne kuma sun yi daidai. Kenan jirgin da na sayi takardar dominsa rabin sitikarsa ne ya yi min amfani.

Takardar bayani kuwa fotokwafi ce baƙi da fari, kowane jirgi gefe ɗaya kawai aka zana, babu sama babu ƙasa, babu lambar fenti ko ɗaya. A jirgin kame wannan babban gibi ne, don abin da mutum yake nema shine ina aka shafe tsohon tambari, facin zagaye ne ko murabba'i, ina aka ƙara jan fenti don kada nasu su harbo shi bisa kuskure. Duk wannan sai ka koma ka nemi hotuna da kanka. Mutumin ya san tarihin, zaɓinsa ya nuna, kawai dai ya yi ƙyuyar rubutawa.

Sai matsalarmu ta Legas wadda ba laifin kowa bane. Sitika bata son fenti mai kaushi marar sheƙi, iska tana maƙalewa a ƙarƙashinta ta riƙa ƙyalli fari-fari, don haka sai an fesa banish mai sheƙi kafin a liƙa, a sake fesawa bayan an gama. To da damina a garin nan iska jiƙe take, kana fesa banish sai ya yi hazo. Ku jira rana ta buɗe da tsakar rana, ko ku yi a ɗakin da AC ya jima a kunne in an dace da wuta. Takardar ma kada a barta a fili, ku saka ta a leda mai zif da ƙullin nan na tsotse danshi da ke zuwa a kwalin takalmi, in ba haka ba gam ɗinta zai kama takardar ya ƙi saki. Kuma don Allah kada a gwada fentin gwangwani na masu fentin mota kai tsaye a kan roba ba tare da firaima, wato fentin ƙasa na farko, ba, yana cinye ta.

Wani dattijo Bakano da muke sallah masallaci ɗaya ya ga jirgin a shagona, ya ɗaga shi yana juyawa yace, yaro wannan ai irin na lokacin Gowon ne, ina ka samo? Nace Baba haɗawa na yi da hannu. Yace to Allah ya ba da sa'a, amma na gasken ƙararsa ba a magana. Ya tambayi kuɗin, na faɗa masa na kit ɗin na ɓoye na aikowa, don kuɗin kawo takardar nan Legas ya fi kuɗin ita kanta takardar, kuma da na faɗa nasiha zan sha.

Shawarata, in ka taɓa aiki da siririyar sitika kuma jiragen Isra'ila ko na Koriya kake so, saya, ta ci kuɗinta. In don na Najeriya ne kawai ko kuma yanzu ka fara, ka haƙura ka yanka tef ka fesa. Kuma ku haɗa oda ku uku ko huɗu a ambulan ɗaya.

Abin da nake so wani mai bugawa ya yi mana shine ɓangaren Biyafara, can ne ma jiragen kame da na aro suka fi yawa. Ga B-26 Invader da Jan Zumbach ɗan Poland ya tuƙa, an zana masa bakin kifin shak a hanci. Ga ƙananan MFI-9 na Suwidin da Carl Gustaf von Rosen ya kawo a Mayun 1969 aka ɗaura musu rokoki suna kai hari filayen jiragen tarayya. Sai kuma Fokker F27 na Nigeria Airways da aka karkatar zuwa Inugu a Afrilun 1967, aka mayar da shi na jefa bam, ya tarwatse a sararin Legas ɗin nan a Oktoban shekarar. Shi nake nema yanzu a 1/72, in akwai mai tsohon kit ɗin F27 a ajiye ko mai dawowa daga Landan da sauran wuri a jaka, ya yi min magana, zan biya kuɗin kilo.