Faifan kyauta na karmes: aikin kafinta ya yi kyau, amma ku gwada kafin ku biya

Ina koyarwa a wata makarantar firamare a unguwar Zariya, nan Maradi. Bana ni aka ɗora wa wasannin yara na karmes, bikin da muke yi a watan Yuni kafin a tafi hutu. Na daɗe ina son mu samu faifan nan mai juyawa, wanda yaro zai murza, ya tsaya a kan kyautarsa. Sai na kai wa wani kafinta a Sabon Gari zane, muka yi ciniki a jaka 15, har da fenti.

Gaskiya mutumin ya iya aiki. Ya yanko faifan katako mai faɗin santimita 80, ya ɗaure shi a kan cibiyar ƙafar keke ta gaba, wadda ya samo wurin mai gyaran kekuna. Wannan dabarar tasa ce, ni ƙusa babba kawai na zana a tsakiya. Ƙwallayen ƙarfen da ke cikin cibiyar su ke sa faifan ya daɗe yana juyawa ba gargada. Ya raba shi gida 12, kowane gida digiri 30, ya kafa ƙusa a kan kowace iyaka. A sama ya manna wani ɗan harshe da ya yanko daga tsohuwar jarka, shi ke bugun ƙusoshin yana "kat-kat-kat" har faifan ya tsaya. Wannan ƙarar kaɗai ta isa ta tara yara.

Inda muka samu matsala shi ne daidaito. Da na kai shi gida, ƴata ta yi ta wasa da shi, can ta ce, "Inna, kullum ja yake ba ni." Na ɗauko kaye da bik na zauna ina ƙirga. Na murza sau 60. Gida 12 ne, in faifai ya daidaita kowane gida zai fito wajen sau 5, ko ya ɗara ko ya gaza kaɗan. Jan gidan nan ya fito sau 19. Akwai gida biyu da ba su fito ba ko sau ɗaya.

Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai. Yaro ɗan shekara bakwai zai tsaya yana addu'a ya samu fensir mai launi, alhali katakon ya riga ya yanke hukunci ba zai samu ba. Wannan zalunci ne ko da ba da gangan aka yi ba.

Washegari na mayar masa. Da farko ya ce, "Madam, ai sa'a ce." Na ce, "Malam, cire harshen nan ka sake shi mu gani." Ya cire, faifan ya juya a hankali, gefe guda ya sauko ƙasa ya zauna. Muka maimaita sau uku, gefen nan dai. Ashe a nan ya ƙara guntun katako ta baya don toshe wata tsaga, nauyin ya rinjaya. Bai yi gardama ba daga nan. Ya ɗaura ƴan ƙarafa biyu a ɗaya gefen, yana matsar da su kaɗan-kaɗan, har faifan ya koma tsayawa duk inda aka bar shi. Bai karɓi ko dala ba. Na yaba masa a kan wannan.

Ƙafafun da faifan ke tsaye a kansu kuma sun yi siriri, iskar hadari ta kayar da shi sau ɗaya, sai da muka danne da buhun yashi.

Akwai iyayen da suka yi mini maganar caca tun kafin ranar, kuma maganarsu tana kan hanya. Shi ya sa ba mu karɓi kuɗin murzawa ba, ba mu kuma bar gida ko ɗaya babu kyauta ba: alawa, biskit, bik, kaye, sabulu, fensir. Kowane yaro aka ba shi tikiti ɗaya a aji. Kayan kyautar ƙungiyar iyaye ce ta saya.

Wanda zai sa a yi masa irinsa, kafinta ko mai walda na gari zai iya. Ku nemi cibiyar keke, ku ce a faɗaɗa ƙafafu, kuma kada ku cika kuɗin sai kun cire harshen kun ga faifan bai da gefen da yake komawa. Namu yana ofishin darakta an naɗe cibiyar da leda saboda ƙura, sai Yuni mai zuwa in Allah ya kai mu.