Bufe a Houston da lissafin kalori

Assalamu alaikum Yaya, ina fatan kuna lafiya, ya ƙarfin jikin Hajiya, ya yara da makaranta. Maganar bufe ɗin nan da kika tambaya na ga saƙon murya ba zai ɗauka ba shiyasa na zauna na rubuta miki.

Tsarin dai a Amurka kusan ɗaya ne ko'ina a nan. Kuɗi ɗaya zaki biya, wani gurin a bakin ƙofa wani gurin sai kin gama, daga nan faranti na nan a jere ki ɗauka ki zuba da hannunki, ki ci ki koma ki ƙaro, babu mai ce miki ya isa. Abinci kala-kala a kwanukan ƙarfe, ƙarƙashinsu ruwan zafi ne sama kuma gilashi dan kar numfashin mutane ko atishawa ya sauka a kai, kuma ƙa'idar hukumar lafiya abinci mai zafi kar ya sauka ƙasa da digiri 57, ma'aikata na zagayawa da ɗan ma'aunin zafi suna tsomawa. Idan zaki ƙaro ba'a komawa da farantin da kika ci a ciki, sabo zaki ɗauka, tsohon ki barshi a tebur a kwashe. Wannan tsaftar kam gaskiya ta burge ni kuma har yanzu tana burge ni. Kuɗin na rana yafi na dare sauƙi, na ƙarshen mako yafi tsada, inda muke zuwa dala goma sha wani abu ne zuwa ashirin da ɗoriya, amma fa abin da aka rubuta ba shi zaki biya ba, a Houston ana ɗora harajin kashi 8.25 a kai, lemo kuɗinsa daban, sannan ga tukwicin masu kwashe faranti, kuma bana iya hana su dan doka ta yarda a biya mai karɓar tukwici dala 2.13 kacal a awa, da abin da muka ajiye a tebur suke cikawa. Ba'a fita da ragowa. Idan tekawe kike so akwai roba daban, a ɗora a sikeli ki biya gwargwadon nauyi.

Toh bambancin da gida, wanda shi ne ainihin abin da nake so ki gane. A gida mai abinci ce ke riƙe da ludayi. Kice a sa miki shinkafa ta kaza, nama biyu, malmala ɗaya, in kina son ƙari sai kin sake buɗe jaka, dan haka aljihunki ne ke ce miki tsaya. Ko a walima da biki wata ce ke zubawa tana kallon layin da ke bayanki. Nan ludayin a hannunki yake, kuɗin kin riga kin biya, kuma zuciya na ta raya miki ai sai na ci kuɗina. Wallahi Yaya wannan tunanin na cin kuɗi shi ke illata mutanenmu a nan, dan mun taso da cewa barin abincin da aka biya asara ne, kuma mutum yana lissafa dala ashirin ɗin nan da naira sai ya ga ai ba zai tashi ba sai ya ji cikinsa ya ɗaure.

Ni abin da yasa na shiga lissafin kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, kin sani, tunda likita ta duba gwajin jinin nan na suga da ake kira A1C tace na shiga tsakanin 5.7 da 6.4, wato bakin ƙofar ciwon suga, daga 6.5 kuma an shiga, kuma da na gaya mata yanda ciwon ya yi da Baba sai tace lallai in rage nauyi in dinga tafiyar ƙafa. A garin nan kuwa ba'a tafiyar ƙafa, daga gida sai mota daga mota sai gurin aiki, ga zafi da gumi rabin shekara. A gida zuwa kasuwa da wanki da share tsakar gida kaɗai na ƙona abin da kika ci baki ma sani ba. Nan manya 4 cikin 10 ƙiba ta musu yawa a lissafin hukumar lafiyarsu, kuma ba sai an gaya miki ba, idonki zai nuna miki.

Abin da na yaba musu shi ne doka. Tun watan Mayu na 2018 duk gidan abincin da ke da rassa 20 ko fiye a ƙasar dole ya rubuta kalori, har da na bufe, zaki ga ɗan kati a jikin gilashin kowane kwano, sunan abincin da lamba, ludayi ɗaya kaza, yanki ɗaya kaza, a ƙasa kuma an rubuta cewa kalori 2,000 a rana shi ne ma'aunin da ake kwatantawa da shi. Birnin New York ne ya fara tun 2008 kafin ta zama ta ƙasa gaba ɗaya. Ke ma ai kin ga irinsa lokacin Umara, Saudiyya ta wajabta tun 2019, lambobin nan da ke gefen kuɗi a allon gidajen kaza su ne. Irin su Golden Corral, wanda shi ne babban gidan bufe da kowa ya sani a nan, tun 1973 suka fara a North Carolina, duk zaki samu katin.

Amma lambar ta ludayi ɗaya ce a shafe, ba tulin da mutum ke yi ba. Na tsaya bayan wata baiwar Allah a layi tana zuba makaroni mai cuku, ta karanta katin sarai har da gyaɗa kai, sannan ta nutsa ludayin ta ɗago shi da tozo har sau uku, a ranta na san lamba ɗaya ta riƙe. Kuma farantin nan faffaɗa ne, ludayi ɗaya a tsakiyarsa sai ya zama kaman baki zuba komai ba, ido ne ke fara ruɗuwa kafin ciki. Jerin ma da dabara aka yi shi, burodi mai ɗumi da man shanu, dankali, taliya, shinkafa su zaki fara tararwa, masu araha masu cika ciki, nama da kifi na can ciki, wani naman ma ma'aikaci ne ke tsaye yana yanka miki siriri. Ban ga laifinsu ba kasuwanci ne, amma ya kamata mai ci ya sani.

Sai babbar matsalar, wadda ita ce ta fi damuna. Inda ake rubuta lambobin mu ba ma iya cin naman, dan ba yankan Musulunci bane, kuma alade na shiga inda baki zata ba, koren wake ma a kudancin ƙasar nan da naman alade ake dafa shi, soyayyar shinkafar gidan ƴan China sau da yawa akwai shi a ciki ƙanana-ƙanana, ga mutane na ɗauke cokalin wannan kwano su tsoma a wancan. Sai ki ƙare a kifi da jatan lande da salak da dankali, kifin kuma yawanci an tsoma shi a fulawa an soya. Inda kuma zamu ci hankali kwance, gidajen ƴan Pakistan da Indiya na wajen titin Hillcroft, da na Larabawa, da na ƴan Najeriya na wajen Bissonnet, yawancinsu mai gida ɗaya ne reshe ɗaya ko biyu, dokar bata hau kansu ba, babu kati babu lamba. Kuma nan ne man yake. Biryani, miyar kaza mai man shanu da kirim, burodin tanda da aka shafe da mai yana ƙyalli, samosa, ki duba gefen kwanon miyar zaki ga mai ya taso ya kwanta ja. Da azumi kuma abin yafi yawa, kusan kowane gidan halal na yin bufen buɗa-baki, mutum ya wuni da yunwa ya zo ya tarar da soye-soye kala goma a gabansa, ana sallar magariba a koma zagaye na biyu, har tarawih ta gagari wasu. Limaminmu duk shekara sai ya tuna mana hadisin nan na kashi ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, kowa ya gyaɗa kai.

Dan haka dole na koyi ƙiyasi da ido, kuma lissafin ba wuya in kin riƙe abu kaɗan. Mai ne sarki, giram ɗaya na mai kalori 9, na sitaci da na furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama, 4, cokalin cin abinci ɗaya na mai wajen 120 ne, kuma man gyaɗa da manja da man zaitun duk kusan ɗaya ne a wannan lissafin, kar a ruɗe ki da cewa na zaitun baya sa ƙiba. Dafaffiyar farar shinkafa kofi ɗaya wajen 200. Gwangwanin Coke 140 da suga giram 39, kusan ƙaramin cokali goma, kuma a nan in kin sayi kofi ɗaya ƙari kyauta ne, kafin ki shanye an sake cika miki ba tare da kin nema ba, mutum sai ya sha na kalori 500 bai tauna komai ba. Babban dabinon nan na majdul ƙwaya ɗaya ya haura 60. Salak da kowa ke gudu gurinsa, ganyen kusan ba komai, amma da kin malala masa bama da cuku da soyayyen burodi ya kamo shinkafa. Tafiyar mil ɗaya kuma abin da take ƙonawa wajen 100 ne, ki auna da kanki mil nawa yankan kek da askirim zai ci.

Yanda nake yi yanzu, in mun shiga bana ɗaukar faranti sai na zagaya na ga komai tukuna, dan in kika fara zubawa daga farkon layi kafin ki isa ga abin da kike so farantin ya cika. Rabin farantin ganye da kayan lambu, sai gasasshen kifi ko kaza gwargwadon tafin hannuna, shinkafa dunƙulen hannu ɗaya, miya kuma daga ƙasa nake ɗebowa in tsiyaye man a gefen kwano. Abin da zan iya dafawa a gida bana taɓa shi, me zai kaini cin farar shinkafa a bufe, sai wanda bana samu. Ruwa nake sha. Ina zama nesa da layin in juya masa baya, in na gama faranti na farko in ɗan jira muna hira, sau da yawa sai in ji ma na ƙoshi. Kuma bana zuwa da yunwar wuni wai dan in tara guri, nakan ci ɗan wani abu da safe. Kayan zaki guda ɗaya mu raba da yara. Akwai gidajen gashi na ƴan Brazil ma, irin su Fogo de Chão, can nama ake kawo miki tebur a tsire ana yankawa, kati ne a gabanki kore da ja, in baki juya shi ja ba ba zasu daina zuwa ba, amma tsadarsa da maganar yanka yasa ba gurinmu bane.

Manhajar waya kuma, MyFitnessPal nake amfani da ita, tana taimako ƙwarai a abincin kanti, da kin nemo sunan kayan komai ya fito. Amma ki rubuta tuwo ko miyar kuka ko ɗanwake ko masa, ko dai babu, ko ki samu lambobi uku da suka saɓa da juna dan mutane ne kawai suka shigar da abin da suka ga dama. Wannan na min ciwo Yaya, abincin da miliyoyin mutane ke ci kullum amma ba shi da ma'auni tsayayye da mai ciwon suga zai dogara da shi, likita a gida ya ce wa Hajiya ta rage tuwo, ta rage zuwa nawa, malmalar gidan wa. A nan likitata takarda ta bani da hoton faranti an raba shi gida-gida.

Kan shawarar da kike yi ta ƙara bufe a sana'ar girkinki, ni dai a ganina ci-ka-ƙoshi zalla zai miki wuya a Kano da tsadar nama da gas yanda kuke faɗa, su nan abin da ke riƙe su yawan masu shigowa ne da arahar kayan sari da wutar da bata ɗaukewa, kuma duk da haka lokacin korona a 2020 da yawa sun rufe basu dawo ba. Manyan otal na Abuja da Kano na yi dan kuɗin da suke caja ya ɗauka. Abin da zaki iya ɗauka shi ne gilashin nan, da ruwan zafi a ƙarƙashin kwanuka, da sabon faranti, shinkafa da tuwo da salak mutum ya zuba da kansa, nama kuma yarinyarki ta tsaya a kai. Sannan ɗan katin. Ko baki rubuta kalori ba ki rubuta wannan ba suga, wannan mai kaɗan ne, wannan gishiri kaɗan, kin san yawan masu hawan jini da suga a cikin masu yi miki oda, zasu neme ki.

Akwai ƙaramin sikelin kicin a cikin kayan da zan aiko, mai batir ne. In ya iso dan Allah ki auna min malmalar tuwon shinkafa da ta masara irin wadda kike sa wa Hajiya, da ludayin miya ɗaya, ki kuma faɗa min cokali nawa na mai ke shiga tukunyar da mutum nawa ke ci, zan lissafa in turo miki ki nuna wa likitanta. Ki gaida kowa da kowa.