Ciwon ido da baki a kajin gida: yadda na ga aikin mataimakin likitan dabbobi

Duk mai kiwon kaji a gida a Maraɗi ta san lokacin da idanun kaji ke fara lalacewa. Ƙarshen damina ne, sa'ad da ruwa ya kwanta a kwatami da ramukan bulo, sauro ya cika gari tun daga bakin Gulbi har cikin unguwanni. A wannan kakar na kira mataimakin likitan dabbobi, irin waɗanda ke aiki ƙarƙashin shagunan magani masu zaman kansu, ya zo har gida ya duba mini kajina. Mata da yawa a unguwarmu ta Zariya sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani, mai daɗi da marar daɗi.

A ganina kuɗin ya biya, amma ba garin maganin ne ya biya shi ba. Abin da na saya na gaske shi ne mutumin da ya buɗe bakin kaza ya leƙa.

Mu dai a gida suna ɗaya muke ba abin: kaza ta yi ciwon ido. Sai a fasa kafso ja da ɗorawa a zuba a kaskon ruwa, wata ta shafa baƙin mai, wata kanwa, wata ta jiƙa barkono. Shi mataimakin likitan da ya zo a kan motonsa, bai taɓa jakar magani ba sai da ya zagaya akurki, ya dubi kashin kajin, ya tambayi abin da nake ba su da kuma ko wata baƙuwar kaza ta shigo gidan kwanan nan. Akwai kuwa, wani zakara da aka aiko mini daga ƙauye wajen Madarumfa. Sannan ya ce, "Hajiya, kamo mini wadda ta fi jin jiki."

Na kamo wata uwar kaza da gefen fuskarta ya kumbura har idon ya rufe ruf. Ya matse ta a hammata, ya kai hancinsa kusa da nata hancin, ya ce in sansana ni ma. Wani wari ne mai tsami, na ruɓa, wanda ban taɓa lura da shi ba duk da kullum ina cikinsu. Ya ce wannan warin da majina mai danƙo da kumburin ƙarƙashin ido su ne alamar murar kaji, wadda likitoci ke kira koriza. Ƙwayar bakteriya ce, tana kama kaza cikin kwana 1 zuwa 3 bayan ta haɗu da mai ɗauke da ita, galibi ta ruwan sha. Ya jiƙa auduga da ruwan gishiri mai ɗumi, ya ɗora a kan idon har kwantsar ta yi laushi, fatar ta buɗe. Daga nan ya sa babban yatsa a ƙarƙashin idon ya danna a hankali zuwa sama. Wani dunƙulen mugunya ya fito, fari-fari, busasshe kamar cuku. Kazar ta ƙifta, sai ga ƙwayar idon lafiyarta ƙalau a ciki. Ya ce mugunyar kaza ba ta zuba da kanta, daskarewa take yi, kuma in an bar ta a wurin, ko wane magani aka zuba a ruwa idon na iya mutuwa. Ya matsa man ido na tetirasaikilin a ciki, ya ajiye ta gefe.

'Yan tsakin kuwa daban ne, ko da yake ni ido ɗaya nake yi musu da uwar. Nasu ƙuraje ne masu baƙin ɓawo a gefen baki da fatar ido, manyan kajin kuma a zanko. Ya ce wannan ƙwayar bairos ce, sauro ne ke ɗaukar ta daga kaza zuwa kaza, shi ya sa take zuwa da kaka. Ya faɗa mini kai tsaye cewa babu maganin da ke kashe ta, ko a kanti ko a kasuwa. Idan a fata kawai ta tsaya, ɓawon kan bushe ya faɗi cikin mako 2 zuwa 4, kuma kazar da ta warke ba ta cika sake yi ba. Aikin mai kaza shi ne ta shafa ayodin a kan ƙurajen ba tare da ya shiga ido ba, ta kuma tabbatar tsakon na ganin abinci da ruwa, don yawancinsu yunwa ce ke kashe su idan fatar ido ta manne. Ya ƙara da cewa cutar ba ta kama mutum, abin da ya kwantar mini da hankali saboda jikokina.

Mai haɗarin a cutar ƙurajen ita ce wadda ta shiga baki. Ya buɗe bakin wata budurwar kaza da ke ta miƙa wuya tana hamma, ya juya ta wajen rana. A ganɗa da gindin harshe akwai wani abu rawaya manne, har ya fara rufe ƙofar maƙogwaro. Bai kankare duka ba. Ya ɗauke abin da ya tare numfashi kawai da tsinke mai auduga, wurin ya ɗan yi jini, ya dangwala ayodin da aka surka da ruwa. Ya ce masu kankare bakin kaza da reza ko farce su daina, don rauni suke ƙara mata.

A nan ne ya yi abin da ya sa na ƙara yarda da shi. Ya ɗaga kai ya ga tukwanen tantabarun ɗana a bisa katanga, ya tambaya ko kasko ɗaya suke shan ruwa da kaji. Na ce e. Ya ce akwai wata cuta da tantabaru ke ɗauke da ita a maƙogwaro, ita ma rawayan abu take haifarwa a baki, kuma da ido kawai ba zai rantse wacce ce a cikin biyun ba sai an duba da madubin likita. "Hajiya, ba zan ce miki na tabbata ba. Amma a raba musu ruwan sha tun yau." Na tambaye shi maganin wannan ta tantabarun, ya ce akwai, sai dai a ƙasashen Turai da Amurka an hana ba da shi ga dabbar da za a ci, don haka ba ya saurin rubuta shi wa kaji masu ƙwai. Mai sayar da magani a tebur ba zai taɓa gaya miki haka ba.

Garin maganin da ya rubuta na okzitetirasaikilin ne mai haɗe da bitamin, wanda ake zubawa a ruwan sha. Ga masu murar ya yi aiki a fili: majina ta tsaya, kumburi ya sauka, suka koma tonon ƙasa. Ga masu ƙuraje ban ga ya rage ko ɗaya ba, kuma dama ya ce ba zai rage ba, sai dai ya hana wata cutar hawa kan raunin. Sharuɗɗansa uku na riƙe: a dama sabo kowace safiya, a ajiye kaskon a inuwa kada su sami wani ruwan daban, a kuma cika kwanakin ko da sun yi kamar sun warke. Ya nuna mini inda aka rubuta kwanakin jira a bayan ledar, ya ce kafin su cika kada a ci ƙwan, kada a yanka. Wannan ya yi mini nauyi don ƙwan ne abin karin yara, amma na bi. Abin da bai ɓoye mini ba kuma shi ne kazar da ta warke daga mura takan ci gaba da ɗauke da ƙwayar, ta iya dawowa da sanyin hunturu ko ta shafa wa sababbi. Saboda haka duk kazar da ta shigo gida, ta kasuwa ce ko ta kyauta, a keɓe ta akalla mako 2 kafin ta shiga cikin sauran.

Ruwan wanke idon ba sai an saya ba. Gishiri giram 9, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya da rabi, a cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce.

Ya kuma yi mini magana a kan abinci, kuma ina ganin nan ne mu matan gari muka fi rauni. Kajinmu a kulle suke cikin gida, dusar gero da ragowar tuwo kawai suke samu, ba ɗanyen ganye. Gero da dawa ba su da bitamin A na kirki, rashinsa kuma shi kaɗai yana sa kwantsa mai kauri a ido da fararen ƙuraje a maƙogwaro, ya kuma buɗe ƙofa ga sauran cututtukan. Mu da zogale ke zuwa mana kullum daga lambunan Jiratawa da Tibiri ba mu da uzuri. Yanzu ƙullin ganye nake rataya musu su yi ta tsattsaga, busasshen kuma in daka in haɗa a dusa.

Akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Na kira shi da safe, sai bayan la'asar ya iso, kuma ya ce shi kaɗai ne ke zagaya unguwanni da ƙauyukan kusa, shanu da awaki kuma su ake fara dubawa. Ga mai kazar da ke shaƙewa, wannan jiran ya yi tsawo. Ma'aunin da ke jikin ledar maganin na manyan gidajen gona ne, da Faransanci, babu ko ɗan cokalin awo a ciki. Sai da na matsa ya rubuta mini a takarda yawan garin da zan sa a lita ɗaya. Wadda ba ta tambaya ba za ta yi ta zubawa da ka, ko ya yi kaɗan ya ƙi aiki, ko ya yi yawa. Bai kuma sake waiwayo na ba sai da na neme shi a tarho. Duk da haka, kuɗin zuwansa da na magunguna a haɗe bai kai kuɗin zakara ɗaya mai kyau ba.

Gargaɗi ɗaya ya jaddada, kuma ina isar da shi yadda ya ba ni. Idan kai ya kumbura, zanko ya yi baƙi-baƙi ko shuɗi, kaji na faɗuwa da yawa a dare ɗaya, ko wuya na murɗewa da koren zawo, wannan ya wuce ciwon ido. Yana iya zama annobar kaji da ake kira Niyukasil ko murar tsuntsaye, irin wadda ta ɓulla a Magariya a 2006 aka kashe kaji masu yawa. A nan ba a sayen magani, ba a kuma rugawa kasuwa da su don a rage asara. Ofishin ma'aikatar kiwo ake sanarwa.

Ƙurajen kuwa suna da rigakafi. Wata allura ce mai baki biyu da ake tsomawa a ruwan rigakafin a huda fatar fiffike, bayan kwana 7 zuwa 10 a duba wurin, in ya yi ɗan kumburi to ya kama. Matsalar ita ce kwalbar da ya nuna mini ta kaji 1000 ce, sai an ajiye ta a sanyi, kuma da an dama ta ba ta kwana. Ba mai buɗe ta saboda kajin gida ɗaya. Shi ya sa muka zauna da maƙwabta, kowacce ta faɗi yawan kajinta, muka ba shi jimillar. Ya ce in muka haɗa kuɗin zai zo da kwalbar a cikin kular ƙanƙara kafin saukar ruwan farko, ya bi gida gida da sassafe tun kaji ba su fito daga akurki ba.