Sitiyari na karkarwa? Kafin ka sake biyan kuɗin balansin, duba tayar tukuna

Duk mai mota ya san wannan abin: a cikin gari lafiya lau, amma da ka hau babban titi ka kai gudun 90 ko 100 sai sitiyari ya fara rawa a hannunka, madubi na karkarwa, ka rage gudu ya lafa. Abin da kowa zai ce maka shi ne je ka yi balansin, wato a daidaita nauyin taya a kan inji da 'yan ƙarafa. Toh wani lokacin haka ne, ɗan ƙarfen da aka maƙala a rim ne ya faɗi, ko laka ce ta bushe a cikin rim bayan damina, minti kaɗan an gama. Amma in an yi an sake yi rawar tana nan, to malam ba nauyi ba ne matsalar, tayar ce ba ta zagaye daidai, abin da masu faci ke cewa ta yi ƙwai, kuma ko ƙarfe nawa aka liƙa mata ba zai mai da ita da'ira ba.

Ga yadda za ka bambanta. Matsalar balansin tana da iyakar gudunta, yawanci tsakanin 80 zuwa 120 take fitowa. Tayar da ta yi ƙwai kuwa ko a hankali kake tafiya, a 20 ko 30 kan titi mai santsi, za ka ji motar na ɗan ɗingishi, sitiyari na kaɗawa hagu da dama shi kaɗai. In a hannu kake ji to tayar gaba ce, in a kujera kake ji ta baya ce. In kuma sai ka taka birki ne rawar ke zuwa, bar taya ta huta, diskin birki ne ya lanƙwashe. Gwajin ba ya cin ko sisi: a ɗaga motar da jak, a ajiye bulo dab da zanen tayar, a juya ta da hannu kana kallon tazarar. In tazarar na buɗewa tana rufewa, ka gano ɓarawon. Tsallen da ya wuce kamar milimita ɗaya da rabi ya isa ka ji shi a jiki.

Yanzu me za ka kashe wa kuɗi?

Alaimen dai, wato saita ƙafafun mota su miƙe, cire shi a lissafi. Yana maganin mota mai jan gefe da cin taya gefe guda, ba ya hana karkarwa, duk wanda ya ce a fara da shi aljihunka yake so. Mai da tayar gaba zuwa baya ma ba gyara ba ne, daga hannunka ka kwashe rawar ka kai wa fasinja. Rim ɗin da rami ya lanƙwasa, in na ƙarfe ne ana miƙe shi ya yi, in aloyi ne, wato na alminiyam, kuma ya tsage a haƙura da shi kawai.

Akwai dabara ɗaya da ta cancanci a gwada kafin a jefar da taya mai sauran rai. Babu tayar da ke fitowa daga masana'anta cif-cif, rim ma haka, shi ya sa za ka ga ɗigon fenti a gefen sabuwar taya. Ruwan ɗorawa yana nuna wajen da ta fi rashin nauyi, ana saita shi da bawul ɗin hura iska, ja kuma yana nuna wajen da ta fi tudu. Mai aikin da ya san hannunsa zai sace iskar, ya juya tayar a kan rim rabin zagaye, tudun taya ya faɗa kan kwarin rim, sannan ya sake balansin. Akwai ma injin kamfanin Hunter na Amurka mai danna tayar da wani gangan ƙarfe kamar tana kan titi ya nuna inda za a juya ta, sai dai ba kowane gari ake samun sa ba. Haka kuma motar da ta daɗe a ajiye tayarta kan yi shafe a ƙasa, wannan sau da yawa in ta yi tafiya ta ɗau zafi yana bajewa, kar ka yi gaggawar saye.

Amma in wayar ciki ce ta saki, ka shafa hannu ka ji kumburi a kan zane ko ka ga zanen ya karkace kamar maciji, babu wani gyara. Wannan tayar fashewa take jira, kuma a kan gudu take yi.

Toh in an zo saye, ni dai ra'ayina a fili yake: sabuwar taya, ko da ba babban suna ba ce, daga dilan da yake da shago tsayayye, wanda zai ɗaura maka a wurin, a yi balansin kana tsaye, ya ba ka rasit, kuma ku yi magana tun kafin ka biya cewa in ta yi tsalle a kan inji zai canza. Wannan sharaɗin na ƙarshe ya fi min sunan kamfani muhimmanci. In kana da halin Michelin ko Bridgestone ko Continental, Allah ya ƙara buɗi, suna da kyau ba musu. Amma masu matsakaicin kuɗi irin su Hankook, Kumho, Maxxis ko GT Radial sun ishe mai Corolla ko Golf da ke zirga-zirgar Kano zuwa Kaduna, in dai ta asali ce kuma ba ta kwana biyu a sito ba. Lokacin da take juyawa a kan injin kar ka tsaya kallon lambobi, durƙusa ka kalli zanen da idonka, domin inji zai iya nuna sifili-sifili alhali tayar na tsalle, shi nauyi yake aunawa ba siffa ba. Sannan ka lura da yawan ƙarfen da aka liƙa, in ka ga ana ta jera su a waje ɗaya to akwai magana, ka ce a juya ta ko a kawo wata. Ka sayi biyu iri ɗaya a ƙalla, girman da ke rubuce a jikin ƙofar direba, iskar ma ta nan za ka bi, yawancin ƙananan motoci 30 zuwa 35 ne, ba 50 ɗin da wasu masu faci ke ɗurawa don wai ta fi ƙarfi ba.

Tayar Beljiyam? Caca ce. Ba ka san ramin da ta faɗa ba, da yawansu ma na sanyin Turai ne, za ka ga hoton dutse da ƙanƙara a gefe, robarsu ba ta zafin kwaltar watan Afrilu ba ce. Kuma tsohuwar tayar ƙananan motoci tana cikin jerin kayan da Kwastam ta hana shigowa da su Najeriya.

Wadda ta fi ba ni haushi ita ce sabuwa mai arha, domin ita ce ta taɓa ƙona ni. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi bayanta a Legas a 2008, tayar mota daga waje ake kawo mana ita, kuma wasu 'yan kasuwa don su rage kuɗin kwantena sai su cusa taya cikin taya cikin taya, a matse su haka su yi makonni a teku. Hukumar SON mai kula da ingancin kaya ta sha kama irin waɗannan. Ana zaro su da ƙarfe, a hura, a goge, ka gan ta fes da gashin robarta, amma wayar bakinta da ta cikinta sun riga sun karye. Na saya a wajen wani, ranar farko rawa ta fara, na koma ya ce ai motata ce, boljoyin ne, shokazoba ne, na canza abin da lafiyarsa ƙalau, ashe tayar ce tun daga kwantena a murɗe ta zo. Don haka kafin a ɗaura, tsayar da ita a ƙasa babu rim, ka duba bakin nan da ke kama rim ko ya lotsa ko ya yi tsini, ka zura hannu ciki ka shafa ko akwai ƙwarzane da tattara, ka mirgina ta ka gani ko tana tafiya miƙe. In bakunan biyu sun matso juna ko sun wage fiye da na 'yar uwarta, ajiye ta.

Sai kwanan wata. A gefen taya bayan rubutun DOT akwai lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. 'Yan Rod Sefti shekara huɗu daga wannan kwanan watan suke lissafawa a matsayin wa'adin taya, to ka ga in ka sayi wadda ta shekara uku a sito ka sayi rigima. Kuma ana goge lambar nan a buga sabuwa, wallahi ana yi, ka sa farce ka karce wurin, in robar ta fi ta kewaye laushi ko sheƙi, ko lambobin sun karkace, ba hannun masana'anta ba ne. Akwai masu sake yanka zane da wuƙa mai zafi a kan tayar da ta sha, sai ka ga ramin zanen da zurfi amma gefensa ba santsi, wani wurin har waya na leƙowa. Akwai masu shafa baƙin mai don su ɓoye tsagewar rana, lanƙwasa gefen da yatsa za ka gani. Akwai kuma masu naɗe taya da leda mai ƙyalli su ce ba a buɗewa sai an biya. Ka ce a buɗe. In ya ƙi, shagon gaba ma taya yake sayarwa.