Sharhi: Tsoffin Bugu na Jaridar Village Voice a Intanet

Duk mai son ganin yadda ƙaramar jarida ke zame wa masu mulki ƙarfen ƙafa, ya nemi tsoffin bugu na Village Voice a intanet. Na jima ina bin su da daddare, kuma ko kaɗan ban yi asarar lokacina ba.

A watan Oktoba na 1955 aka fara buga ta a unguwar Greenwich Village da ke birnin New York na Amurka. Dan Wolf da Ed Fancher da Norman Mailer na cikin waɗanda suka kafa ta. Mako-mako take fitowa, a kan santi 5 kacal.

Abin da ya fi kama min hankali shi ne yadda marubutanta ba sa rufa-rufa. Kowa da ra'ayinsa a fili, har sukan yi wa juna raddi a cikin jaridar. Amma ba surutu kawai ba ne, akwai aiki. Wayne Barrett ya fara bin diddigin Donald Trump tun 1979, lokacin Trump yana harkar gine-gine, babu mai kawo masa shugabancin ƙasa. Ka karanta rahoton ka ga haƙuri: tono takardu, bin sawun kuɗi, da nuna wa ya san wa a ofisoshin gwamnati. Jerin rahotannin Mark Schoofs na 1999 kan cutar ƙanjamau a Afirka kuwa sun sosa min rai matuƙa. Su suka jawo wa jaridar lambar yabo ta Pulitzer a 2000, ta uku ke nan bayan ta 1981 da ta 1986.

Shawarata ita ce kada a tsallake shafukan ƙananan tallace-tallace. Mai neman ɗakin haya, mai neman aiki, makaɗi mai neman abokan kiɗa, duk suna nan. Waɗannan tallace-tallacen su ne jarin jaridar, su suka ba ta bakin magana, har ta koma kyauta a yankin Manhattan na birnin New York a 1996. Da shafukan ƙananan tallace-tallace na intanet irin su Craigslist suka ɗauke wannan kasuwa, sai ƙafarta ta fara rawa. Dama ta sha sauya hannu, har Rupert Murdoch, attajirin nan mai kafafen yaɗa labarai, ya taɓa mallakarta daga 1977. An daina buga ta a takarda a Satumban 2017, aka rufe ta a Agustan 2018, sannan wani sabon mai ita ya farfaɗo da ita a 2021.

Sai dai karatun na buƙatar juriya. Turancin na 'yan birni ne, cike da habaici, ga sunayen 'yan siyasar New York da baƙo bai sani ba. Idan za ka fara, ka fara da zamanin magajin gari Ed Koch, daga 1978 zuwa 1989. A nan ne na ga jaridar da ƙarfinta, tana fafatawa da fadar magajin gari babu ɗaga ƙafa.