Neman aiki a kamfanonin da ke ƙera wa sojojin Amurka kaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Matasanmu da suka karanta injiniyanci da kwamfuta suna yawan turo mini tallan aiki na Lockheed Martin, Northrop Grumman, General Dynamics ko RTX, wato tsohon Raytheon, suna tambaya ko za a iya nema daga gida. Ina zaune a arewacin jihar Bajiniya, kusa da Pentagon, hedikwatar sojojin Amurka, inda ofisoshin waɗannan kamfanoni suka yi yawa, kuma ni ma na nemi irin wannan aiki.

A gida mun saba mutum ya kai takardunsa hannu da hannu, ko ya nemi wani babba ya yi masa magana. A nan babu ofishin da za ka je. Komai a shafin kamfanin ake yi, ta wata manhaja irin su Workday. Ka buɗe asusu, ka ɗora CV, manhajar ta zuba bayananka cikin gurabu, sau da yawa ta cakuɗa sunan jami'arka da na wurin aikinka, sai ka zauna ka gyara ɗaya bayan ɗaya. Abin da na yaba shi ne ba a karɓar ko kwabo, ba a kuma tambayar ɗan wane ne kai. Abin da ke ci mini rai shi ne shirun da ke biyo baya. Wani kamfani ya aiko mini da saƙon ba a ɗauke ni ba cikin tsakar dare, saƙon da kana gani ka san na'ura ce ta turo shi.

Amma abin da ya fi muhimmanci yana cikin 'yan tambayoyin eh ko a'a da ke ƙarshen fom ɗin. Kai ɗan ƙasar Amurka ne? Kana da izinin ganin sirrin gwamnati, wanda suke kira kiliyarans? Wannan izini mataki uku ne, kuma ɗan ƙasa ake ba shi. Mutum ba ya nemar wa kansa, sai kamfanin da ya ɗauke shi ya gabatar da shi, sannan DCSA, hukumar gwamnati mai tantance masu neman izinin, ta yi bincike a kansa, wanda kan ɗauki watanni. Akwai ayyukan da ba sa buƙatar izinin, amma dokar fitar da fasahar makamai, ITAR, ta sa galibinsu sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin. Mai bizar karatu da wanda ke neman aikin daga Kano ko Zinder, nan ake tsayar da su komai kyan takardunsu. Don haka duk wanda ya ce ku biya shi ya samo muku gurbi, ɗan damfara ne.

Fom ɗin binciken, SF-86, shi ne ya fi taɓa irinmu. Yana son adireshin duk inda ka zauna shekara 10 baya, da ƙasashen da ka je cikin shekara 7. Yana son sunan mahaifi da mahaifiya, yayye da ƙanne har waɗanda kuke uba ɗaya kawai, da surukai, da ƙasar kowa da inda yake zaune. Yana tambaya ko kana da fili ko asusun banki a wata ƙasa, ko kana tallafa wa wani ɗan ƙasar waje da kuɗi. Wane ne a cikinmu ba ya aika wa iyayensa na cefane? Wanda ya fito daga babban gida sai ya yi ta bugo waya yana tambayar ranar haihuwar 'yan'uwansa. Samun dangi a waje ba ya hana izinin kai tsaye, haka ma riƙe fasfo biyu, ana auna kowa da halinsa. Ɓoyewa ce ke kashe magana, domin ƙarya a wannan fom laifi ne da hukuncinsa kan kai ɗaurin shekara 5.

Ga masu katin zama da ke nan, shawarata ku fara da ayyukan da ba sa buƙatar izinin. Bayan shekara 5 da katin, ko 3 ga wanda ke auren ɗan ƙasa, kuna iya neman zama 'yan ƙasa. Kafin nan ku riƙa rubuta adireshinku da tafiye-tafiyenku da kuɗin da kuke aikawa gida, ku kuma biya bashi a kan lokaci, domin shi ma ana dubawa.